Ƙofar Ruwa

Kwana uku ina wasa harshena
kamar mai shirin yanka.
Masarata a gangare ta sunkuyar da kai,
ganyenta ya naɗe, ya koma launin toka,
kuma na san wuyan da zan rataya wa:
Nemesio, ɗan marigayi Anacleto,
da ya gina mana ƙofar ruwa da kuɗin gari,
ta karkata gabas da yatsa biyu.
Yatsa biyu. Gonaki tara.

Ran Lahadi bayan coci,
a ƙauyenmu can saman Ayacucho,
muka cika ajin makaranta,
manya kan kujerun yara, gwiwa kusa da haɓa.
Sanyin dutse na shigowa ta fasasshiyar taga.
Nemesio na gaba, malafa a cinya,
yana juya ta, yana juya ta.
Matarsa na can baya da goyo.

Kalmomi uku na zo da su a aljihu,
kowacce da kaifinta.
Na ɗaga rabin jiki,
sai tsohuwa Hermelinda ta riga ni.
Ta tura ganyen koka gefen kunci,
ta dogara sanda, ta ce:

"Jiya na bi ruwan nan da ƙafa,
daga idonsa har gonar Teodosio.
Ginin ya yi ƙarfi. Ruwan Fabrairu bai tsaga shi ba.
Na da kuwa, kun tuna,
duk shekara a rafi muke tsinto duwatsunsa.
Amma na kwantar da sandar nan na auna:
bakin yamma ya ɗara na gabas tudu.
Ruwa ba shi da dangi,
inda ya ga gangara nan yake bi.
Gonakin ƙasa sau ɗaya suka sha a wata.
Nemesio, kai ka san gini, mu ba mu sani ba.
A sassaƙe wannan ne, ko a ƙara wa wancan?"

Ta zauna.

Ba ta ce gonar kawunsa a gabas take ba,
ko da yake duk ajin ya sani,
har allo ya sani.
Ba ta tono ubansa ba,
ba ta ƙirga kuɗin siminti a fuskarsa ba.
Ta ajiye laifin a tsakar ɗaki
kamar buhun dankali,
yadda mai shi zai iya sunkuyawa ya ɗauka
ba tare da an ga bayansa ya karye ba.

Kunnuwansa suka yi ja.
Wani ya yi tari. Jaririn ya motsa.
"A sassaƙe," in ji shi.
"Igiyar awona ta saki, ban sake dubawa ba.
Guduma da rabin yini.
Amma ina son wanda zai riƙe min igiya,
daga mutanen ƙasa."

Ido ya zo kaina.

Daga baya na ji
tun daren Juma'a ta je gidansa,
ta sha shayinsa, ta gaya masa abin da za ta faɗa,
don kada ya fara jin sa a gaban mutane.

Ran Litinin na riƙe igiya.
Yatsuna sun ƙage, bai dube ni ba, ban dube shi ba.
Da rana ta hau, ruwa ya rabu biyu,
ya gangara wajena yana ture busasshen ganye.
Rabin masarar ta riga ta tafi,
lallami ba ya tayar da abin da ya bushe.

Kalmomin nan uku suna aljihuna har yau.
Wani lokaci ina taɓa su.
Da na jefa su, da an tafa min,
na tabbata da an tafa.
Ban dai san wa zai ɗauki guduma ba.